Filin Masu Karatu: Gawa a ɗaki ƙofa a kulle, wai kuma aljani ne ya aikata

Assalamu alaikum jama'ar wannan fili. Watan jiya na jefa muku tambaya, nace ku faɗa min ra'ayinku akan littattafan nan iri uku da yanzu suka fara cika wayoyinmu, wato na bincike irin wanda za'a tashi da gawa ko a nemi wani abu a rasa sai an bi diddigi kafin a gane wa ya aikata, da na aljanu da tsafi amma a cikin gari irin namu na yau mai keke napep da shagon POS, sai kuma na tsere da bugun zuciya wanda jarumi ke gudun ceton rai tun shafin farko. Wallahi ban zaci saƙonni zasu yi yawa haka ba. Na zaɓi biyar, na ɗan rage tsayin wasu, waɗanda basu ga nasu ba kuyi haƙuri na karanta duka.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni dai haushi ne ya kawo ni. Akwai wani littafi da na biya kuɗi na shiga guruf ɗinsa a WhatsApp, wata biyu muna binsa kullum feji ɗaya, an tsinci gawar wani Alhaji a ɗakinsa ƙofa a kulle ta ciki, muka yi ta zargi wasu suce amarya wasu suce direba ni kuma na kafe akan ƙaninsa saboda maganar gado, har saɓani muka samu da wata ƙawata akai. Sai ranar ƙarshe marubuciyar tace wai aljani ne ya shaƙe shi don ya sare wata tsamiya shekara ashirin da suka wuce, tsamiyar da ko sau ɗaya ba'a taɓa ambatonta ba a littafin. Anti ni ce ban gane karatu ba ko kuwa cutar mu akayi? Daga wata uwar gida, Badarawa a Kaduna.

AMSA: Ƙanwata cutar ku akayi, kuma haushinki yana kan hanya. Ki tuna lokacin da muke yara ana kacici-kacici a tsakar gida bayan isha'i, idan aka ce miki shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, kika yi ta lalube kika kasa har kika bada gari, da zarar an ce tsintsiya sai kiji daɗi ko da kin faɗi, saboda amsar tana nan cikin tambayar ke ce baki hango ba. To da ace mai tambayar cewa tayi amsar ita ce jirgin sama fa? Ai babu wanda zai sake zama wasa da ita. Labarin bincike kacici-kacici ne mai tsawo, akwai amana tsakanin mai rubutu da mai karatu, duk abinda mai binciken cikin labarin ya gani sai an nuna miki shi, a ɓoye shi a cikin hayaniya dai amma a nuna.

Su kansu Turawan da suka daɗe suna wannan rubutu sun sha fama da irin wannan ha'incin. A 1929 wani limamin coci ɗan Ingila mai suna Ronald Knox wanda shi ma yana rubuta irin waɗannan labarai ya tsara ƙa'idoji goma, a ciki yace dole mai laifin ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari, kuma yace kada a warware laifi da abinda ya shafi gaibu, har tagwaye ma yace kada a fito dasu kwatsam sai an riga an shirya mai karatu. Ni ban yarda da duk goman ba, kuma bana cewa kada aljani ya shiga labarin Bahaushe, ta yaya ma, mu da muka yi imani da akwai su. Abinda nake cewa shine in aljani ne zai yi kisan to tun feji na uku mu ga kututturen tsamiyar nan a bayan gida, muji tsohuwar gidan tana hana yara zuwa wurin da magariba, a bamu dama muyi zarginsa kamar yadda muka zargi amarya. Abinda ya faru da marubuciyar ku ina kyautata zaton shine ta fara labarin bata san ƙarshensa ba, kullum tana taifin feji ana jiranta a guruf, da ta kulle ƙofar ta rasa yadda zata buɗe sai ta kira aljani ya fitar da ita. Irin wannan rubutu daga ƙarshe ake faro shi, ki san wa ya kashe, da me, don me, ƙarfe nawa, sannan ki dawo ki rubuta shafin farko.

Wani abu kuma tunda kin ambaci gado. Baki faɗa min ko Alhajin yana da ɗa namiji ba, in yana da shi to ƙanin nan da kika kafe akansa ko sisi ba zai gada ba, ɗa yana kange ɗan'uwa, ita kuma amarya tumuni ne, wato kashi ɗaya cikin takwas, zasu raba da abokan zamanta in akwai 'ya'ya. Kinga da marubuciyar ta zauna da wani malami na awa ɗaya akan rabon gado da ta samu dalilan kisa da na wanke mutum daga zargi waɗanda suka fi aljanin nan ƙarfi nesa ba kusa ba.

TAMBAYA: Hajiya ina wuni. Ni ɗalibi ne kuma gaskiya a ganina duk waɗannan abubuwa kwaikwayon Turawa ne, mu Hausawa soyayya kawai muka iya rubutawa, in ina son labari mai zafi na Turanci nake nema ko in kalli fim. Ko kina ganin ba haka bane? Daga wani ɗalibi, Tudun Wada.

AMSA: Ɗana akwai gaskiya kaɗan a maganarka, sauran kuma rashin bincike ne. Gaskiyar ita ce labarin ɗan bincike mai bin sawun laifi a siffar da muka sani yanzu daga can ya taso, ana danganta farkonsa da wani gajeren labari na Edgar Allan Poe ɗan Amurka a 1841, sai labarin ɗan binciken nan Sherlock Holmes ya bayyana a Ingila a 1887. Wannan babu musu. Amma cewa soyayya kawai muka iya, a'a. Gasar rubutu ta 1933 da aka shirya nan kusa damu a Zariya ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East ita ta haifi su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, ka buɗe su ka gani, tafiya ce da kasada da damfara da aljanu, ba zancen saurayi da budurwa bane. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya inda aka tafi da yaro sararin samaniya. A 1982 aka buga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, na farkon labarin ta'addanci ne da makamai na biyun kuma fasa-ƙwauri da rashawa, duk kafin adabin kasuwar Kano ya bunƙasa da littattafan soyayya a tsakiyar shekarun 1980. Soyayya tafi kasuwa ne kawai, su kuma masu shagon hayar littafi abinda ake nema suke jerawa a gaba.

Na tuna lokacin da nake 'yan mata a nan unguwarku, yayyenmu maza littattafan James Hadley Chase suke karɓa hannu da hannu har bango ya cire a ɗinke da zare, mu kuma muna haya na Hausa a kwana ɗaya mu mayar. Shi Chase ɗin ma ɗan Ingila ne amma yawancin labaransa a Amurka ya ajiye su, da taswira da ƙamus na karin maganar 'yan titinsu ya fara. To kai da aka haife ka a Tudun Wada, ka san lungunan Kasuwar Barci da ƙafarka, ka san yadda gadar Kawo take da daddare, wa zai fika iya rubuta labarin tsere a Kaduna? Ka gwada mana shafi goma ka turo, zan karanta.

TAMBAYA: Salamu alaikum 'yata. Ni tsohon ɗan sanda ne na yi ritaya, jikata ce take karanta min waɗannan littattafai a waya saboda idona ya yi rauni. Abin da ke damuna marubutan nan ba su san aikinmu ba ko kaɗan. Za ki ji an ce sifeto shi kaɗai ya kama mutum, ya yi bincike, ya yanke masa hukunci duk a rana guda. Ko a ce an ɗauki hoton yatsa an sa a kwamfuta minti biyar sunan ɓarawo ya fito, wannan a fim ɗin Amurka suka gani. Ki ja hankalinsu. Daga wani dattijo, Kawo.

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya ya saka wa jikar nan taka da alheri. Saƙonka ne yafi tsaya min a rai a duk wanda na samu, don abinda na daɗe ina son faɗa kenan. Marubuta ku saurara. Ɗan sanda baya yanke hukunci, kes ɗin kisa baya ƙarewa a caji ofis na unguwa, ana miƙa shi sashen binciken manyan laifuka na jiha, fayil ya tafi ma'aikatar shari'a a bada shawara, babbar kotu ce ke sauraronsa kuma yana iya ɗaukar shekaru. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 yace wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. Ko ana bin wannan ko ba'a bi Baba ya fini sani, amma marubucin da ya san dokar shi ne zai iya nuna mana inda aka take ta, nan kuma labari yake.

Sai dai Baba ni a ganina matsalar ta wuce rashin sanin aikin 'yan sanda, rashin kallon gidajenmu ne. Labarin binciken Bature akan gawa yake tsayawa, likita ya fede ta yace guba ce, ƙarfe kaza ya mutu. Mu kuwa mutum ya rasu da asuba kafin azahar an kai shi makwancinsa, in ka ce a yi binciken gawa dangi zasu ce kwanansa ne ya ƙare a bar wa Allah. Wasu marubutan suna ganin wannan cikas ne shi yasa suke kwashe labarin su kai Landan ko Dubai inda basu taɓa zuwa ba, ni kuwa nan nake ganin dukiyar. In babu likita wa ya ga jikin mamacin na ƙarshe? Mai wankan gawa. Ku duba nauyin da ke kansa, ya ga shaida a wuya, addini ya hore shi da rufa asirin mamaci, zuciyarsa kuma ta hana shi barci, ya faɗa ko yayi shiru? Wannan kaɗai ya isa littafi. Ga zaman makoki inda duk wanda ake zargi yana zaune akan tabarma ɗaya kwana uku yana karɓar gaisuwa, ga matan mamaci cikin takaba wata huɗu da kwana goma a gida ɗaya kowacce na kallon 'yar'uwarta, babu mai fita.

Kuma sifeton nan da kuke ta ɗora wa komai, in ya zo ƙofar gida ya ga an rubuta ba shiga, iyakarsa zaure. Wa ke shiga har ƙuryar ɗaki? Dillaliya mai yawo da atamfa da kayan ɗaki gida gida, mai kitso, ungozoma, yarinya 'yar talla, almajirin da ke wanke-wanke wanda kowa ke magana a gabansa kamar baya nan. A waje kuma mai shayi na bakin layi ya san wanda ya dawo ƙarfe biyun dare, mai POS ya san wanda ya ciri kuɗi masu yawa ranar Laraba, 'yan sintiri da mai unguwa sun san baƙon da ya kama haya. Ni har yau ina jiran wadda zata rubuta min dillaliya 'yar shekara hamsin a Unguwar Mu'azu mai warware asirin gidaje tana tafe tana cinikinta, tana kai wa wani tsohon ɗan sanda irin Baba abinda ta gani shi kuma yana haɗa lissafi. Baba in marubuta suka nemi zama da kai ta hannun mujalla ina fatan zaka basu lokaci.

TAMBAYA: Malama ni malamar Islamiyya ce kuma uwa. 'Yata mai shekara sha biyar ta kamu da karatun labaran aljanu, wai aljani ya auri 'yar jami'a, wai akwai kasuwarsu a ƙarƙashin gada. Yanzu ko banɗaki bata iya zuwa ita kaɗai da dare. Shin wannan karatu ya dace da 'ya'yanmu? Daga wata malama, Rigasa.

AMSA: Malama hukuncin halal da haram na barshi gare ku malamai, ku kuka san shi. Abinda zan iya faɗa a matsayin wadda ta karanta irinsu da yawa shine ba duka suka zama ɗaya ba. Aljanu dai gaskiya ne, sura ta 72 a Alƙur'ani sunansu take ɗauke da shi, kuma tun tatsuniya muke jin labarin Dodo da 'yan ruwa, masu bori ma suna da birnin iskokinsu da suke kira Jangare da sarakunansa da fadawansa. Don haka marubucin da ya ɗauko wannan ya kawo shi cikin Kaduna ta yau bai ƙirƙiro baƙon abu ba, kuma in an iya shi yana da daɗi sosai. Ki ɗauki Kakuri, masaƙun nan da suka ciyar da dubban gidaje tun daga 1957 da aka buɗe ta farko, yau gasu nan a rufe ciyawa ta cinye, in wani ya rubuta cewa da dare ana jin ƙarar injin saƙa a ciki kuma wani tsohon ma'aikaci da ya mutu yana jiran haƙƙinsa ne ke kunna shi, kinga tsoro ne a sama amma a ƙasa maganar talauci ce da haƙƙin ma'aikata, yarinya zata tashi da tambaya mai amfani.

Waɗanda nake ƙi iri uku ne kuma ina ƙinsu da gaske. Wanda ke mayar da boka gwarzo, duk matsala shi ke warware ta a ƙarshe. Wanda ke nuna duk tsohuwa matalauciya mai zaman kanta a matsayin mayya, alhali mun san a garuruwanmu zargin maita ya sa an kori bayin Allah daga gidajensu wasu har an taɓa lafiyarsu. Da wanda ke mayar da duk farfaɗiya da ciwon ƙwaƙwalwa aikin aljani, mai karatu ya tashi da tunanin asibiti bashi da amfani, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan a Barnawa ana duba mutane suna samun sauƙi.

Ita kuma 'yarki tunda abin ya kai ga hana ta fita tsakar gida to ya mata yawa a yanzu. Kada ki ƙwace wayar da faɗa, zata koma karantawa a ɓoye a ta ƙawa. Ki ce ta baki labarin da bakinta da rana tsaka, ki tambaye ta ina marubuciyar tayi ƙarya ina tayi daidai da abinda kuka karanta a makaranta, ku tsayar da karatun dare, ta riƙe azkar ɗinta na kwanciya. Tsoro yana raguwa in an faɗe shi a gaban uwa.

TAMBAYA: Anti ni da ina son labaran tsere da harbe-harbe sosai. Amma tun da aka ɗauke yayana a hanya ya yi wata biyu a daji sai da muka sayar da gona kafin ya dawo, bana iya karanta duk littafin da aka sa garkuwa da mutane a ciki, jikina rawa yake. Ƙawayena suna cewa na cika tsoro ai labari ne kawai. Daga wata ƙanwarki, Mando.

AMSA: Ƙanwata ba tsoro bane, ciwo ne, kuma ƙawayenki basu zauna jiran ƙarar waya wata biyu ba shi yasa. Ki ajiye waɗannan littattafan, babu wanda yake binki bashin karanta su, in ranki ya nemi labari mai zafi akwai na damfara da na satar takardun fili da na rikicin gado waɗanda babu daji a ciki. In rawar jikin nan tana zuwa miki ko ba karatu kike ba, ko tana hana ki barci, dan Allah ki faɗa wa wani babba a gida ku ga likita, shi ma yayan naki a duba shi.

Marubuta kuma ga roƙona. Mu a Kaduna wannan ba almara bace, ranar 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna aka kashe mutane aka tafi da wasu, na ƙarshensu sai a watan Oktoba suka fito, banda na hanyar Birnin Gwari da na ƙauyuka da ɗaliban makarantu waɗanda sunayensu basu ma shiga jarida ba. Bance kada ku rubuta ba, dole ma a rubuta don jikokinmu su san me ya faru. Amma na ga littattafan da aka mayar da ɗan bindiga kyakkyawan saurayi mai kuɗi wanda yarinyar da ya sace take faɗawa sonsa, wallahi na kasa ƙarasa su. In zaku taɓa wannan magana ku je ku zauna da gida ɗaya da abin ya shafa in sun yarda, kuji yadda ake haɗa kuɗi a masallaci da wurin dangi, yadda uwa ke daina cin abinci, yadda wanda ya dawo ke firgita in an buga ƙofa da ƙarfi, ku sa gargaɗi a farkon littafi don irin wannan baiwar Allah ta san me zata tarar kafin ta biya kuɗinta.

Ki gaida min yayanki da mamanku, Allah ya mayar muku da gonar da wadda ta fi ta.